Gorar da Aka Rataye a Bango

Ni ba na wasa. Duk Rimkanga an san haka, matata ma ta daɗe da haƙura. Idan mutum ya ce bari ya ba ni dariya, sai in tambaye shi ko ya gama aikin da ke gabansa. Shi ya sa shekara goma sha tara da Lamusa Drabo ya yi yana shugabantar ƙungiyarmu ta masu noman rani a ƙasan dam, ban taɓa jin daɗin bakinsa ba.

Lamusa ɗan Samo ne, mu kuwa yawancinmu Moshi ne. Tsakaninmu da su akwai rakire, wasan da kakanni suka bar mana. Ya zage ka, ka zage shi, ya kira ka bawansa, ka kira shi naka, kuma ba mai ikon yin fushi. Bamoshen da ya ɗaure wa ɗan Samo fuska sai ya kai kaza gaban dattawa ya nemi gafara, haka shi ma ɗan Samon. Lamusa ya more wannan al'ada son ransa. Yakan shigo taro ya ce mu miƙe mu gaida ubangidanmu, wai mu Moshi ko turmi aka ɗora wa hula sai mun zube ƙasa mun kwashi gaisuwa. Mutane su mayar masa cewa kare ba ya kwana biyu da rai a unguwar da ɗan Samo ya sauka. A yi ta shewa ana buga cinya. Ni kuwa ina zaune ina jiran a zo kan maganar taki.

Amma akwai rana ɗaya a shekara da bakin nan yake rufuwa. Kafin a fara dashen albasa, Lamusa yakan ɗauko wata doguwar gora mai tsaga uku, ya tuɓe riga a gaban kowa, ya shiga dam da tumbinsa har ya kai wani faffaɗan dutse da ke ƙarƙashin ruwa. A kan dutsen yake kafa gorar, ya fito da ita a jiƙe ya ɗaga sama. Idan lema ta kai tsagar sama, kowa ya dasa gonarsa duka. Idan ta tsaya a ta tsakiya, ruwa ba zai kai ƙarshen magudana ba har a cire albasa, saboda haka 'yan wutsiya, masu gonakin ƙarshe, ba za su dasa a nasu ba, 'yan kai, na kusa da dam, za su tsakura musu fangali a cikin nasu. Ta ƙasa kuwa, sau ɗaya na gan ta, ba na fatan in sake.

Gonata ita ce ta ƙarshe a wutsiya. Sau huɗu Lamusa yana dubana ido cikin ido a bakin dam, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya ce, "Rawgo, bana ruwa ba zai kai gare ka ba. Kada ka dasa." Ba murmushi, ba kwana-kwana. Sai da yamma ya zo gidana ya cinye mini tuwo, ya ce miyar matata ko akuyarsa ba za ta sha ba, ya nemi ƙari. Haushinsa nake ji har wuya. Amma ban taɓa asarar ƙwayar albasa ɗaya saboda maganarsa ba.

Da ciwo ya kama shi ɓarin jikinsa ya shanye, sai aka zaɓi ɗan ƙanwarsa, Firmen. Yaron ya yi aikin ofis a Wagadugu ya dawo gida da babur da riguna masu guga. Dalilin da mutane suka bayar na zaɓensa shi ne wai bakinsu ɗaya da kawunsa. Shi da kansa ya gaya mana cewa a birni an tara su kwana biyar an koya musu yadda ake riƙe jama'a, aka ce musu shugaban kirki sai ya iya sa mutane dariya. To, ya iya. Duk zagin da Lamusa ya taɓa yi mana ya haddace shi, har da maganar turmi da hula. Bambancin kawai, Lamusa idan ya yi zagi bai damu ko ka yi dariya ko ka mutu ba. Firmen kuwa da ya saki tasa sai ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai talla yana duba wanda zai saya. Gorar kuma ya sa aka goge ta da mai, aka rataye ta a bangon ɗakin taro kusa da hoton kawunsa.

A shekararsa ta biyu ruwan sama ya ɗauke da wuri. Akwai kututturen tsamiya a cikin dam wanda ba a ganin kansa sai zafi ya kusa, bana tun ba a gama girbin dawa ba ya leƙo. Kowa ya gan shi. Irin albasata yana fage ya kai dashe, fangali goma sha biyu na gyara na zuba taki, kuma duk mai noman albasa ya san iri ba ya jira. Idan ya wuce lokacinsa sai ya yi kara, ka dasa ya ba ka ganye. Abin da nake buƙata magana ɗaya ce daga bakin shugaba, in dasa ko kada in dasa. In na auna da kaina ba zai yi amfani ba, 'yan kai za su ce ɗan wutsiya ne yake neman ƙasarsu. Awon shugaba kaɗai ke ɗaure kowa.

A taron da aka yi na miƙe na tambayi ranar awo. Firmen ya dafe ƙirji ya ce ikon Allah, yau bawa ke tambayar ubangidansa lissafin rumbu. Aka yi dariya. Sannan ya zaro wata takarda ya ce ma'aikata sun riga sun yi lissafi, ruwa ya wadata, zamanin shiga dam tsirara ya wuce. Ya ce kowa ya dasa, domin nan da wata guda wasu baƙi za su zo su duba ko za su shafe mana magudana da siminti, kuma dole su tarar da kore shar daga kai har wutsiya.

Na ce ban tambayi takarda ba, kututturen tsamiya nake tambaya. Ya ce ai kututturen ma Bamoshe ne, ya ji labarin sabon shugaba ya ɗago kai don ya yi gaisuwa. Wannan karon har da masu share hawaye. Na duba na ga 'yan wutsiya, mutanen da abincin 'ya'yansu ke rataye a kan amsar nan, suna dariya da haƙora waje, ido kuwa cike da tsoro. Ba wanda zai iya ɗaure fuska, ɗan Samo ne ke magana. A nan na gane abin da yaron yake yi. Ya ɗauki abin da kakanni suka bari don kada mu kashe juna, ya mayar da shi takunkumi ya sa mana a baki.

Na bugi tebur na ce, "Ƙarya kake yi, Firmen, kuma ka san ƙarya kake yi."

Ba wanda ya dubi Firmen, ni aka zuba wa ido. Kafin rana ta faɗi dattawa sun aiko. Washegari ni Rawgo, da furfurata, na rungumi jar kazata na ratsa gari na durƙusa na nemi gafarar yaron da aka haifa ina da 'ya'ya biyu. Ya karɓa yana murmushi, ya ce kazar ma ramammiya ce kamar mai ita. Aka yi dariya. Ban taɓa jin ɗaci irin na ranar ba, kuma ban manta ba.

A cikin makon 'yan kai suka dashe gonakinsu kaf. A wutsiya ma wasu suka bi. Kudpoko, matar marigayi yayana, wadda gonarta ke jikin tawa, ta dasa fangali shida. Na hana ta, ta ce ita ba ta da mijin da zai yi mata gardama da shugaba, kuma irinta ya fara tsufa. Marayu huɗu take ciyarwa da gonar nan. Ni na ƙi dasawa, kullum ina tsaye a kan irina ina kallonsa yana kauri.

Da abin ya ishe ni sai na tafi wurin Lamusa. Na same shi da la'asar a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, baki a karkace, hannu ɗaya a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Da ya gan ni ya ce a ɓoye tuwo, mayunwata sun iso. Na zauna na zayyana masa komai, ban rage ba, har da cewa jininsa ne yake cutar mu. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi da kansa ya kai yaron kan dutsen nan ya nuna masa inda ake kafa gora, tun ƙafarsa tana aiki. Ya ce Firmen ba mugu ba ne, matsoraci ne, yana son kowa ya so shi, mutum irin wannan kuwa ya fi mugu ɓarna.

Na ce to ya kira shi ya yi masa faɗa. Ya ce ya kira shi sau biyu, yaron ya zo ya ba shi labarai masu ban dariya ya tafi.

"Kai kuma jaki ne, Rawgo," ya ce. "Ka yi fushi, ka kai kaza. To shi fa? In kai ka yi masa wasa, yana da ikon yin fushi?"

Na ce ba shi da shi.

"To me kake jira?"

Na ce ni ban iya wasa ba.

"Na sani. Shekara goma sha tara ina kallon fuskar nan taka kamar ƙofar kurkuku. Ba sai ya yi daɗi ba, a dai ji ka fara. Je ka wurin mata, su sun iya sauran."

Ban so shawarar ba. Mutum ya kai shekara hamsin da uku yana faɗin gaskiya tsirara, sai a ce ba za a saurare shi ba sai ya sa mata rigar wawa. Amma irina yana mutuwa. Na je na sami Kudpoko, ita kuma ta zaga gidajen matan wutsiya.

Ranar Asabar ake yashe magudana, kowa da kowa yana fitowa da shebur. Da hantsi Firmen ya iso a kan babur, farar riga, takalmi na sheƙi, ya tsaya a kan gaɓa yana yi wa masu aiki kirarin bayi. Na fito daga cikin laka na nufe shi, gorar tana hannuna, don tun da safe na sa mai riƙe makulli ya buɗe mini ɗakin taro na sauko da ita. Na tsaya a gabansa na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, bawana ya yi datti. Tun da na saye shi bai yi wanka ba. Yau zan wanke abina."

Ba wanda ya yi dariya. An gaya mini daga baya wai kamar sanarwar mutuwa na yi. Mutane suka tsaya da shebur a hannu suna kallona baki buɗe, don ba su taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Sai Kudpoko ta rangaɗa guɗa. Mata wajen goma sha biyar suka yi kansa da hannuwa duk laka, wata ta kama ƙafa, wata ta kama ɗamara, suka ɗaga shi sama suna waƙar da ake yi wa angon Samo, wadda ake cewa a wanke shi da toka ko warin kare zai fita. Nan fa wuri ya kece da shewa. Shi ma yana dariya yana wutsil-wutsil, yana cewa bayi sun yi tawaye.

Sai da ya ga an bar hanyar rijiya an nufi dam, ya kuma waiwayo ya ga abin da ke hannuna, dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro. Da suka dire shi a bakin ruwa ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Baba Rawgo, don Allah ba yau ba. Bari baƙin nan su zo su tafi. Simintin nan ku 'yan wutsiya zai fi amfana."

Na juya ga jama'a na ce bawana yana tsoron kada. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kadojin dam ɗinmu ba sa cin ɗan Samo, sun ce namansa ɗaci. Na miƙa masa gorar.

Fuskarsa ta canza. Ya ture gorar, ya ce shi ba yaro ba ne, shi ne shugaban ƙungiyar nan, ba za a wulaƙanta shi a gaban mata ba. Tsoho Tinga, wanda shi ya tsaya a madadin dattawa ranar da na kai kazata, yana tsaye dogare da shebur. Ya karkata kai ya ce a hankali, "Firmen, fushi kake yi ne? In fushi ne a faɗa mana, a aika gidanku a kamo kaza."

Na ga yaron ya duba hagu ya duba dama. Mutum sama da ɗari, kowa na murmushi, ba ƙofa ko ɗaya. Irin murmushin da ya ɗaure mu da shi a ɗakin taro, shi aka ɗaure shi da shi. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji, ya cire takalmi, ya karɓi gorar ya shiga ruwa da farar rigarsa.

Bai yi laluben dutsen ba, kai tsaye ya nufe shi. Ya hau, ya kafa gorar, ya tsaya. Na zuba wa hannunsa ido, domin in ya karkata ta kaɗan ko ya zame ta gefen dutse lema za ta hau. Ya daɗe a tsaye, ya ba mu baya. Ban san abin da ya yi ta tunani ba, ban kuma tambaye shi ba. Daga ƙarshe ya zaro ta a miƙe ya juyo.

Lemar ba ta ma kai tsagar tsakiya ba. Saura kamar faɗin tafin hannu.

Shewa ta mutu. Ya fito yana ɗigar ruwa, ya tsaya inda kawunsa yake tsayawa. Na ga idonsa ya fara yawo a kan fuskoki, leɓensa ya motsa, na san wata maganar turmi ce ke tahowa. Kudpoko ta riga ni.

"Kada ka kuskura," ta ce.

Ya haɗiye. Sannan ya yi magana da wata murya da ban san yana da ita ba, ƙarama, ba ado. Ya ce ruwa ba zai kai wutsiya ba bayan wata biyu. Ya ce duk wanda ya dasa a can ya tuge. Ya ce takardar da ya nuna mana ta bara ce. Tsoho Tinga ya tambaye shi yaushe ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce mako uku da suka wuce ya zo shi kaɗai ya auna.

Mako uku. Wato ranar da ya karɓi kazata yana yi mata ba'a, ya sani. Ranar da Kudpoko ta duƙa tun safe har yamma tana dasa fangali shida da 'ya'yanta, ya wuce ta a kan babur ya ce mata baiwa ta iya aiki, ya sani. Da ba don rakire ba da na karya gorar nan a bayansa, kuma da na kai kaza goma ban ji ciwo ba.

Kwana huɗu aka yi ana rigima kafin 'yan kai su yarda su saki ƙasa, don sun riga sun dasa, sai da aka tuge nasu aka matsa. Abin da Lamusa yake gamawa da magana ɗaya a bakin dam kafin kowa ya taɓa ƙasa, shi muka yi da zage-zage da gaba tsakanin maƙwabta, akwai waɗanda har yau ba sa gaisawa. Firmen ya bi gona gona da igiyar awo, ba wasa, ba kirari, ana zaginsa zagi na gaske yana shiru. Wannan kam na ba shi. Ni na sami fangali huɗu maimakon goma sha biyu, rabin irina kuma ya riga ya yi kara na zubar wa awaki. Kudpoko ta tuge shidanta ta sake dasawa a sama. Albasa ba ta son a dasa ta sau biyu. Uku suka kama, uku suka bushe.

Baƙin sun zo a kan lokacinsu, suka tarar da wutsiya fayau ba ko ganye, suka yi rubuce-rubuce suka tafi. Ba mu sake ganinsu ba. Akwai masu cewa ni na kore mana siminti, suna faɗa a bayana a wurin shan burkutu. Su faɗa. Lamusa kuma ya aiko jikarsa ta gaya mini wai a duk rayuwarsa bai taɓa jin wasa mara daɗi irin nawa ba, in taimaki jama'a kada in sake. Ban sake ba.

Firmen har yanzu shi ne shugaba. Da aka zo sabon zaɓe mutane suka ce ai ya yi hankali, kuma gaskiya duk shekara yana tuɓe riga ya shiga dam. Yana wasa har yanzu, amma sai bayan ya ajiye gora. Ya zo gidana sau ɗaya da yamma, matata ta kawo masa tuwo, ya ci a natse ya yi godiya. Ta ce da ya zagi miyar da ta fi jin daɗi.

Bayan an cire albasa a waccan shekarar na je gaban dattawa, wurin da na durƙusa da kazata. Na ce ni na ɗaure fuska na faɗi gaskiya, an ci ni kaza, na biya. To wanda ya yi dariya ya faɗi ƙarya har marayu suka rasa fangali uku, shi me ake cin sa? Suka dubi juna. Tsoho Tinga ya ce kakanni ba su bar hukuncin wannan ba, don a zamaninsu ba a taɓa jin abokin wasa ya yi haka ba. Na ce to yanzu an ji. Suka ce za su zauna a kai.

Shekara uku ke nan. Duk ranar kasuwa ina bi ta gabansu in tambaya ko sun zauna.